Fim ya ci lamba a Wagadugu, wa ya gan shi a Waca?

Duk wanda ya taɓa kwana a Waca, ko a ɗaya daga cikin garuruwan da ke tsakanin Magarya da Dungas, ya san yadda dare yake somawa a wannan yanki. Da an sallame sallar lisha, mai shayi ya hura gawayi, mai tsire ya gyara fitila, sai a ji injin wuta ya tashi a bayan wata rumfar zana. Nan ne gidan kallo. Yaro ya miƙa ƴan dalolinsa a bakin ƙofa, ya nemi gefen benci ya raɓa. A yau wayar salula ta rage wa gidajen kallo ciniki, tunda kowane saurayi yana yawo da fina-finai cikin aljihu, amma ba ta kashe al'adar ba. Mutum biyar ko shida kan haɗa kawuna bisa waya guda, kuma idan fim ya ƙare ba a watsewa sai an yi masa shari'a.

Mai kallo a nan ba ya zama shiru kamar mai sauraren huɗuba. Yana gargaɗin jarumi tun kafin a cuce shi, yana tsine wa azzalumi, washegari kuma a ɗora gardama a rumfar kasuwa ko a ƙofar ofis. Sai dai in aka bi sunayen fina-finan da ake gardamar a kansu, za a tarar kusan dukkansu daga Kano suka fito, ko kuwa daga Indiya ta hanyar Kano. Waɗanda ƴan Nijar suka yi, har suka ɗauko lambobin yabo a Wagadugu da Mosko, da wuya a samu wanda ya taɓa sa su a ido. To, laifin mai kallo ne, ko na fim, ko kuwa na hanyar da ke tsakaninsu?

Hukuncin masuntan Ayoru

Kafin a ɗora wa mai kallon karkara laifin rashin sanin fim mai kyau, ya kamata a tuna da abin da ya faru a Ayoru, can bakin kogin Kwara. A 1951 Bafaranshen nan Jan Rush ya ɗauki hoton Sarkawa suna farautar dorina, ya yi fim mai suna Bataille sur le grand fleuve, wato yaƙi bisa babban kogi. A 1954 ya komo da shi, aka shimfiɗa farin ƙyalle, ya nuna wa mutanen da ya ɗauka. Yawancinsu ba su taɓa ganin silima ba. Suka kalla, suka sake kalla, suka ga ƴan'uwansu da suka riga mu gidan gaskiya suna motsi bisa ƙyalle. Daga nan sai suka fito da ƙorafi. Rush ya sa kiɗan mafarauta a daidai wurin da ake bin dorina, don ya ƙara wa fim armashi. Masuntan suka nuna masa cewa wannan kuskure ne babba, domin dorina tana ji ko tana ƙarƙashin ruwa, kuma kiɗan da ke ƙara wa mafarauci zuciya ita ma zai ƙara mata. Farautar dorina shiru take so. Rush ya karɓi gyara, ya cire kiɗan.

A wurin zaman nan ne kuma wani mafarauci ya ba shi shawarar ya zo ya ga yadda ake farautar zaki da kwari da baka. Fim ɗin da ya fito daga wannan shawara, La Chasse au lion à l'arc, ya ci lamba a bikin Benis na ƙasar Italiya a 1965. Ma'aunin da masuntan Ayoru suka yi aiki da shi kuwa, shi ne dai ake aiki da shi a rumfunan Waca: shin abin da aka nuna haka yake faruwa? Mai kallo yana yafe wa fim duhun hoto da ƙarar inji, yana yafe wa jarumi ya doke mutum goma shi kaɗai, tunda ya san wasa ne. Abin da ba ya yafewa shi ne a yi masa ƙarya game da halin ɗan Adam, ko game da sana'ar da ya sani.

Bashin Sukilala

Da wannan ma'auni za a gane dalilin da ya sa wani fim ɗin Indiya na 1957 ya zauna a zukatan Hausawa fiye da yadda mai shi ya taɓa zato. Mother India, wanda Mehbub Khan ya shirya, labarin wata mata ce mai suna Rada, wadda Nargis ta fito a matsayinta. Surukarta ta ci bashin rufi 500 wajen Sukilala mai ba da rance don a yi bikin aurenta. Da yake ba wanda ya iya karatu a gidan, sai aka wayi gari takarda tana cewa kashi uku cikin huɗu na amfanin gona na mai rance ne, kowace shekara, uwar kuɗi kuma tana nan ba ta motsa ba. Mijin ya tafi sharar sabuwar gona, dutse ya danne masa hannuwa, kunya ta sa ya bar gida cikin dare bai sake dawowa ba. Ambaliya ta zo ta cinye abin da ya rage. Rada ta ja garma da wuyanta, ta ƙi sayar da mutuncinta ga Sukilala, ta raini ƴaƴanta maza biyu, Ramu mai haƙuri da Birju mai zafin zuciya.

Manomin Waca ba ya bukatar tafinta a nan. Ƙasar Magarya ita ce cibiyar gyaɗa a zamanin da kamfanin SONARA, wanda aka kafa a 1962, yake awon ta yana fitarwa, kuma dattawa ba su manta da yadda fari na farkon shekarun 1970 da cutar da ta faɗa wa gyaɗa a 1975 suka karya wannan arziki ba. Bashin da ake ci da bazara a biya da kaka, tiya ɗaya ta koma biyu, kowa ya san shi. Ma'aikacin gwamnati ma bai tsira ba: wanda ya yi aiki a shekarun 1990, lokacin da albashi yake yin watanni bai fito ba, ya san abin da ake kira «a ci ba daɗi», a ɗauki kaya bashi da tsada a sayar nan take da araha don a samu na cefane. Shi ya sa idan Sukilala ya buɗe littafinsa, rumfa takan yi tsit, kowa da fuskar da yake gani. Ɗan kasuwa mai gaskiya, wanda shi ma yake ba da bashi ana cinye masa, yakan ji fim ɗin ya yi wa masu rance kuɗin goro, kuma yana da tasa hujjar. Sai dai Mehbub bai zargi rance ba. Abin da ya tona shi ne takardar da mutum ɗaya kaɗai ya iya karantawa.

Inda gardama take tsananta shi ne ƙarshen labari. Birju ya zama ɗan fashi, ya komo ya kashe Sukilala, ya ɗauke ƴarsa ranar aurenta. Rada ta riga ta yi wa gari alkawari cewa ba za a taɓa mutuncin yarinyar ba. Ta ɗaga bindiga ta harbe ɗan cikinta, ya mutu a hannunta. Samari sukan tsaya bayan Birju, su ce shi kaɗai ne namiji a garin da ya shekara ashirin yana kallon zalunci. Dattawa sukan tsaya bayan uwar, domin a wurinsu wanda ya ɗauki alkawari a gaban jama'a ya ɗaure kansa. Iyaye mata kuwa ba su cika shiga gardamar ba, kuma shirunsu ya fi maganar duka ɓangarorin nauyi. Gwanintar mai labarin ita ce bai sauƙaƙa wa kowa ba. Ya shafe kusan awa uku yana sa mai kallo ya so Birju tun yana yaro mai ƙiriniya, sannan ya sa a kashe shi bisa gaskiya. Fim ɗin ya kai zagayen ƙarshe na gasar Oskar a Amurka a 1958, amma ba wannan ne ya sayar da shi a ƙasar Hausa ba.

Ɗan dako da ya karɓe labarinsa

Abin mamaki, akwai ɗan Nijar da ya yi fim mai irin wannan nauyi, kuma shi ma daga kujerar mai kallo ya taso. An haifi Umaru Ganda a Yamai a 1935. Yana ɗan shekara 16 ya shiga sojan Faransa, aka kai shi yaƙin Indoshin. Da ya komo bai samu aiki ba, sai ya bi sawun dubban ƴan ci-rani zuwa Abijan, ya zama ɗan dako a tashar jirgin ruwa. Can ya gamu da Jan Rush, wanda ya sa shi a gaba cikin fim ɗin Moi, un Noir, labarin ƴan Nijar mazauna unguwar Tareshbil. Fim ɗin ya ci lambar Luwi Deluk a Faransa a 1958, masana silima na Turai suka yi ta yabonsa. Amma Ganda, wanda rayuwarsa ce aka nuna, bai ɓoye ba cewa akwai wuraren da bai ga kansa a ciki ba. Usman Samben na Senegal ma ya taɓa faɗa wa Rush ido da ido cewa masu irin aikinsa suna kallon ƴan Afirka kamar yadda ake nazarin ƙwari.

Ganda bai tsaya ga ƙorafi ba. Ya koyi aikin a Yamai, ya fito da Cabascabo, wanda aka nuna a bikin Kan a 1969, ya kuma samu lamba a Mosko a shekarar. Minti 45 ne kawai, baƙi da fari. Tsohon soja ya komo gida da kuɗin sallama. Abokai suka yanyame shi, maroƙa suka wasa shi, mata suka yi masa fara'a, shi kuwa yana ta ba da labarin yaƙi yana rabon kuɗi. Ranar da aljihu ya bushe, sai ya duba bai ga kowa ba. Ya nemi aiki, girman kai na tsohon soja ya hana shi jure wulaƙancin leburanci, daga ƙarshe ya juya ya nufi karkara.

A ƙasar da kusan kowane gida yake da ɗan ci-rani a Kano, ko Legas, ko Libiya, ko Aljeriya, wannan labari ba baƙo ba ne. Ana ganin Cabascabo kowace shekara gab da damina, ya sauka daga mota da sabuwar rediyo da tabarau, bayan wata biyu a gan shi yana neman rancen iri. Abin da zai kama mai kallo shi ne Ganda bai yi wa mutumin dariya ba, bai kuma yi masa kuka ba. Ya bar shi da wautarsa da mutuncinsa gaba ɗaya, abin da sai wanda ya sha irin wannan ruwa yake iyawa.

Fim ɗinsa na biyu, Le Wazzou polygame, shi ne ya ɗauki Ingarman Yennenga na farko a bikin FESPACO na Wagadugu a 1972. Kalmar wazzou ba wata ba ce illa wa'azi. Wani attajiri ya komo daga Makka da sunan Alhaji, yana wa mutane nasiha, alhali idonsa yana kan Satu, yarinyar da aka riga aka yi wa wani saurayi alkawarinta. Kuɗi suka yi magana, iyaye suka sunkuyar da kai, aka ɗaura aure ta zama ta uku. Matar ta biyu, wadda Zalika Sule ta fito a matsayinta, ta ƙudura kashe amarya daren biki, sai aka yi kuskure aka kashe ƙawar amarya. Mai karatu zai lura cewa wannan shi ne irin labarin da Kano ta yi ta sayarwa daga baya: auren dole, kishi, alhaji mai kuɗi. Bambancin shi ne Ganda bai kawo wani malami a minti na ƙarshe ya daidaita kowa ba. Wadda ba ta ci ba ba ta sha ba ita ta mutu, kuma haka aka tashi.

Ganda ya rasu ranar 1 ga Janairun 1981. Akwai babban gidan al'adu mai sunansa a Yamai, FESPACO kuma tana ba da lamba da sunansa ga wanda ya yi fim ɗinsa na farko. Ingarman nan kuwa, har zuwa bikin 2025 bai sake komowa Nijar ba. Amma fina-finan Ganda da Zabarmanci da Faransanci suke magana, rubutun fassarar da ke ƙasan hoto kuma na Faransanci ne. Mushen lakwal zai bi, mai awon hatsi a kasuwar Waca ba zai bi ba. Ga katanga ta farko.

Sarauniyar da ba ta jin Hausa

Katangar ta fi ban takaici idan labarin na Hausawa ne. Abdullahi Mamani, wanda Damagaram ta sani ƙwarai, ya wallafa littafinsa a kan Sarauniya Mangu ta Lugu a 1980, matar da ta tsaya wa rundunar Bule da Shanuwan a 1899. Med Hondo ɗan Muritaniya ya mai da shi fim a 1986, ya ci Ingarman Yennenga a 1987. An so a ɗauke shi a Nijar, abin bai yiwu ba, sai Burkina Faso ta buɗe masa ƙofa. Sakamakon haka Sarauniyar Azna ta fito bisa allo ba da Hausa take magana ba. Fim ne mai ƙarfi, musamman inda yake nuna yadda hafsoshin nan biyu suka haukace da jini har sojojinsu suka juya musu baya. Amma Bahaushen da ya zauna kallonsa yakan ji kamar an gayyace shi bikin gidansu, ya tarar baƙi ne ke rabon abinci.

Ragowar rundunar nan ce ta ci Damagaram bayan yaƙin Tirmini, a ƙarshen Yulin 1899. Abin da ya biyo baya shi ma an yi fim a kansa. Mahaman Bakabe ya ɗauki wasan da masanin tarihi Andre Salifu ya rubuta, ya fito da Si les cavaliers a 1982, a kan shirin tawayen da aka zargi Sarkin Damagaram Amadu ɗan Basa da ƙullawa a 1906, wanda ya sa Faransawa suka tuɓe shi suka kai shi Kodebuwa. Cikin waɗanda abin ya rutsa da su har da Malam Yaro, babban attajirin birnin, abin da ya kamata ƴan kasuwar yau su sani. Inusa Usaini, ɗan Damagaram da ya rasu a 2021, ya ɗauki Wasan Kara a 1980, wasan nan da samari ke ƙera kayan sarauta da na mulki da karan hatsi suna kwaikwayon manya a gaban manyan. Rahamatu Keita ta kafa labarin Zin'naariyâ a masarautar Damagaram a 2016, shi ne kuma fim na farko da Nijar ta aika gasar Oskar. Dukkan waɗannan a ƙofar gida aka yi su, tafiyar ƴan awoyi daga Waca. A tambayi ɗan sakandare a Magarya ko ya ga ɗaya daga ciki.

Abin da Kano ta gane

Kano ba ta jira lamba daga kowa ba. Turmin Danya ya fito a kaset a 1990. A watan Janairun 1994 aka karya darajar sefa, kuɗin hayar fim daga waje ya ninka, gidajen silima na birane suka shiga mutuwa ɗaya bayan ɗaya, a daidai lokacin da bidiyo take shiga gidaje. Kaset ɗin Kano ya biyo motocin da ke ɗauko kaya ta Babban Mutum da Maigatari, tare da atamfa da sabulu da esansi, ba tare da wata hukuma ta shirya masa hanya ba. Da Sangaya ya fito a 1999, labarin ɗan sarauta da yarinyar da ke aiki a gidansu, sai kasuwa ta buɗe gaba ɗaya. A Nijar har suna aka raɗa wa irin waɗannan fina-finai, ana ce musu dandalin soyayya. Daga baya tashar Arewa24 ta zo a 2014 da Daɗin Kowa, Labarina ya biyo baya, masu fassara irin su Algaita kuma suka sa jaruman Indiya suna Hausa har da karin magana.

Masu ilimin boko sukan raina waɗannan fina-finai, kuma wani sukan yana bisa hanya. Da yawa an gina su cikin gaggawa, waƙa takan tsaya a inda labari ya gaza, mugu mugu ne tun daga rawaninsa, kuma ana ganin ƙarshe tun daga farko. Ga shi kuma rayuwar da suke nunawa ta falo da mota ce, ba a cika ganin mai ban-ruwan rake a fadama ko matar da ke dakon ruwa ba. Duk da haka sun riƙe abu biyu da manyan fina-finan Nijar suka saki: suna magana da harshen mai kallo, kuma suna zuwa inda yake. Wanda ya zo gaishe ka har gida, ko da rigarsa ba ta da aiki, ya fi maka mai babbar riga da ka ji labarinsa a rediyo.

Madubin Kara-Kara

Fim ɗin da ya rushe katangar harshe, ya kuma ci yabo a waje, shi ne na A'isha Maki, haifaffiyar Damagaram. Ta fara jan hankali da L'Arbre sans fruit a 2016, inda ta ɗauki zancen da ake yi da raɗa, wato rashin haihuwa, ta fara da kanta, tana magana da mahaifiyarta wadda ta rasu wajen haihuwa. Fim ɗin ya ci lambar AMAA ta Afirka a wannan shekara. Macen da ta kalle shi ba ta bukatar a yi mata bayanin yadda ake ɗora wa mace laifi tun kafin likita ya duba mijin. Namiji kuwa yakan fita daga kallon da ɗan nauyi a ƙirji, in dai mai gaskiya ne.

A 2021 ta fito da Zinder, wanda aka fara nunawa a bikin Visions du Réel na ƙasar Suwis. Ta shiga Kara-Kara, unguwar da tun asali aka ware wa kutare da waɗanda gari ya ƙi, ta zauna da samarin da ake kira ƴan pale. Ga su suna ɗaga ƙarfen da suka haɗa da tarkacen mota, ga tuta mai alamar Hitila wanda suka ɗauka wani jarumi ne kawai da ba a iya kayarwa, ga fasa dutse a rana don abin da bai kai ya kawo ba. Akwai tsohon shugaban daba da ya koma kabu-kabu, yana faɗin abin da ya aikata wa mata da bakinsa, ba tare da an matsa masa ba. Akwai mai fasa-ƙwaurin esansi da ke bin hanyoyin daji zuwa iyaka. Ba mai sharhi da ke gaya wa mai kallo abin da zai ji. Hausa ce tsantsa, irin ta bakin tasha.

A nan ra'ayi yakan rabu gida biyu, kuma rabuwar ta bi layin masu karanta wannan shafi. Wani ma'aikaci zai ce an tona asirin gari a gaban baƙi: birnin Tanimun, mai fada da Birni da malamai, a ce sunansa ya zagaya duniya a kan ƴan daba? Ba a raina wannan jin ba, domin kishin gida ne. Amma wanda ya yi aikin koyarwa ko na asibiti zai amsa cewa yaran nan ba daga sama suka faɗo ba. Da yawansu ba su da ko takardar haihuwa, balle su ga ƙofar lakwal, kuma ba A'isha ce ta hana su ba. Ɗan kasuwar kan iyaka shi kuma wani wuri yake dubawa. Ya san jarkokin nan, ya san hanyar, ya san wanda ake ba wani abu a kauce. Ya kuma san cewa tun da Najeriya ta janye tallafin mai a ƙarshen Mayun 2023, aka rufe iyaka daga Agustan wannan shekara zuwa Maris na 2024, lissafin sana'ar ya sauya. Abin da fim ɗin ya ɗauka ya riga ya fara zama tarihi, kuma ba don an ɗauka ba da ba abin da zai rage sai labarin baka.

In aka auna Zinder da ma'aunin masuntan Ayoru, ya tsallake. Ba a sa kiɗa inda ake bukatar shiru ba. Inda za a iya yi masa ƙorafi shi ne matan unguwar, waɗanda suka fi kowa shan wuya, ba su samu fili kamar mazan ba, kuma mai kallo yana fita yana son ya ji ƙarin bakinsu.

Tsakanin Niyok da Waca

Mustafa Alhasan, wanda ya fara da Aouré a 1962, ya yi Le Retour d'un aventurier a 1966 don ya nuna abin da kallon fina-finan kaboyi yake yi wa samarin ƙauye: wani ya komo daga tafiya da akwatin huluna da bindigogi, ya raba wa abokansa, suka hau dawaki suka addabi garinsu. Tun a lokacin ya gane cewa mai kallo yana ɗaukar abin da ya gani ya tafi da shi gida. Shi da kansa ya riƙa loda na'ura a mota yana bin garuruwa yana nuna fim, ya kuma zauna a Tawa yana aikinsa nesa da babban birni. Ya rasu a Wagadugu a watan Maris na 2015. A 2017 babban gidan adana fasaha na MoMA a Niyok ya shirya nuna ayyukansa. A watan Oktoban 2024 hukumomi suka sauya wa tsohon gidan al'adun Faransa da Nijar na Yamai suna, daga Jan Rush zuwa Mustafa Alhasan. Ke nan mutumin Niyok ya ga kwaɗin Bon voyage Sim, shugaban da ya tafi ziyarar aiki da fareti da jiniya, mutumin Yamai yana wucewa ƙarƙashin sunan mai su, mutumin Waca kuwa ko labari bai ji ba.

Abin da ake bukata bai kai yadda ake zato ba. An riga an gyara da yawa daga cikin tsofaffin fina-finan nan an mai da su na zamani. Ƙungiyar Cinéma Numérique Ambulant ta nuna tun farkon shekarun 2000 cewa mota ɗaya da farin ƙyalle da injin wuta sun isa a tara gari guda. Abin da ya rage shi ne izinin masu haƙƙi da kuma murya. In masu fassara a Kano za su iya sa ɗan Mumbai ya yi Hausa cikin mako guda, ba abin da zai hana Cabascabo na minti 45 ya yi Damagaranci, tunda ƙasar da ta haifi ƙungiyar wasan Yazi Dogo ba ta rasa masu murya ba. Kuɗin wannan aiki bai fi abin da attajiri ɗaya yake kashewa a bikin ƴarsa ba, kuma magajin gari da ke neman abin da zai tara matasa da dare, ban da ƙwallon Turai, yana da fili a gaban ma'aikatarsa.

Sannan akwai labarin da ba a ɗauka ba tukuna. Waca da Dungas da Mirya su ne manyan garuruwan Sosebaki, masarautun da suka girmi Damagaram kafin ta haɗiye su a ƙarni na 19. Dungas ta zama gunduma mai zaman kanta a 2011, yaran da aka haifa a shekarar sun isa shiga sakandare, kuma abin da suka sani na kakanninsu bai wuce abin da maroƙan fada ke faɗa ranar salla ba. Tsofaffin da suka riƙe jerin sarakuna, da waɗanda suka yi awon gyaɗa a zamanin SONARA, da matan da suka ga yunwar 1984, suna nan zaune a zaurukan Waca, kuma kowace damina ana rage ɗaya ko biyu. Wayar da ake haɗa kawuna bisa kanta da dare tana ɗaukar hoto da murya.